Mabon: Idin Kaka na Sababbin Arnan Turai

Abin karantawa: Levitikus 23:33-43, Ayyukan Manzanni 14:8-18, 1 Korintiyawa 10:14-33.

Wata 'yar ekklesiyarmu, wadda ta ke aikin jinya a ƙasar Ingila, ta aiko mana da tambaya. Ta ce akwai wata Baturiya abokiyar aikinta, mace mai kirki ƙwarai, wadda ta riƙe ta kamar ƙanwa tun ran da ta sauka. Ita ce ta nuna mata inda a ke sayen rigar sanyi mai araha, ita ce kuma ta kwana biyu a wurinta sa'anda zazzaɓi ya kwantar da ita. Da watan Satumba ya kama, sai Baturiyar ta gayyace ta zuwa wani biki wanda su ke kira Mabon. Ta ce mata bikin godiya ne domin amfanin gona, za a taru a bayan gari, a kunna kyandir, a ci, a sha. Yarinyar ta ce, "Baba Fasto, in tafi ko kada in tafi? Ba na so in ɓata wa Ubangijina, ba na kuwa so in kunyatar da wadda ta yi mini alheri."

Mun ga wannan tambaya ta fi ƙarfin wasiƙa guda. 'Ya'yanmu da yawa suna can yanzu, waɗansu wajen karatu, waɗansu wajen aiki. Na gida kuma suna ganin hotunan irin waɗannan bukukuwa a wayoyinsu. Domin wannan muka mai da ita darasin wannan wata. Bari mu fara sanin abin tukuna, kana mu auna shi da Maganar Allah.

Ranar da dare da yini su ke daidaita

Duniyarmu tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, amma ba a miƙe ta ke tafiya ba. A karkace ta ke, wajen digiri 23 da rabi, kamar tulun da aka jingine. Saboda wannan karkata, wata shida arewacin duniya ne ya fi fuskantar rana, wata shida kuma kudanci. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa layin tsakiyar duniya, watau wajen 20 ga Maris, da kuma 22 ko 23 ga Satumba. A waɗannan ranaku rana tana fitowa daga gabas sosai, ta faɗi yamma sosai, dare da yini kuma kusan tsawonsu ɗaya ne ko'ina a duniya. Mun ce kusan, gama masu lissafi sun nuna yini yakan ɗara da 'yan mintoci kaɗan, domin iskar sama tana lanƙwasa haske, mutum ya ga rana tun ba ta gama fitowa ba.

Mu nan ba mu cika lura da wannan rana ba, kuma ba laifinmu ba ne. A Kano yini mafi tsawo bai wuce awa 12 da minti 50 ba, mafi gajarta kuwa wajen awa 11 da minti 25 ne. Bambancin bai kai a yi masa kiɗa ba. Ruwan sama ne ya ke raba mana shekara: bazara, damina, kaka, da hunturu. Manominmu gajimare ya ke duba. A ƙarshen Satumba gero ya shigo gida, dawa kuwa tana jiran Nuwamba.

Amma a Landan yini yana kai awa 16 da rabi a watan Yuni, ya komo ƙasa da awa 8 a Disamba. A ƙarshen Satumba kusan minti huɗu ya ke raguwa kowace rana. Ganyaye su yi ja su kaɗe, tsuntsaye su yi ƙaura zuwa kudu, waɗansunsu ma har ƙasarmu su ke zuwa. Mutumin can yana ganin duhu yana cin haske da idonsa, ya san sanyi mai tsanani yana tafe. A zamanin dā wanda bai tara abinci ba kafin wannan lokaci, da wuya ya ga ƙarshen sanyin. Kada fa mu yi mamaki don ranar ta shiga zukatansu.

Su wane ne masu wannan biki?

Sunan da su ke kiran kansu da shi shi ne Pagan. Kalmar daga Latin ta fito, asalinta kuwa mutumin ƙauye a ke nufi, daga baya masu bi na dā suka riƙa kiran masu bautar gumaka da ita. Da Hausa sai mu ce arna. Mun sani wannan kalma ta zama zagi a bakin mutane, mu kanmu an sha jifanmu da ita. Ba da zagi mu ke faɗinta a nan ba. Su ne suka ɗauki sunan da kansu, suna kuwa taƙama da shi.

Iri-iri ne su, amma manyan rassansu biyu ne a wannan zance. Na ɗaya shi ne Wicca. Wanda ya fito da shi fili wani Bature ne, Gerald Gardner, wanda aka haifa a 1884, ya mutu a 1964. Ya yi shekaru da yawa yana aiki a ƙasashen Asiya, a gonakin shayi da na roba, daga baya ya zama ma'aikacin kwastan a Malaya. Da ya yi ritaya ya koma Ingila, ya ce a 1939 ya gamu da wata ƙungiyar asiri wadda ta ke riƙe da addinin Turai na tun kafin zuwan Bishara. A 1951 aka soke tsohuwar dokar 1735 wadda ta hana mutum ya ce yana da ikon sihiri. Shekara uku bayan haka, a 1954, Gardner ya buga littafinsa mai suna Witchcraft Today. Wata mace, Doreen Valiente, ita ce ta rubuta da yawa cikin addu'o'in da su ke karantawa. Mabiyan Wicca suna girmama allahiya mace da allah namiji mai ƙahoni, suna ganinsu a cikin wata, da rana, da ƙasa, da daji.

Na biyu su ne masu kiran kansu Druid, bisa sunan firistocin mutanen Birtaniya na zamanin Romawa. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Ross Nichols, abokin Gardner ne, ya kafa tasa ƙungiya a 1964.

Ba su da yawa. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, mutum wajen 74,000 suka rubuta kansu Pagan, wajen 13,000 kuma Wicca, cikin mutane fiye da miliyan 59. Amma suna ƙaruwa, gama a 2011 masu cewa Pagan wajen 57,000 ne. Ga kuma abin da ya fi nauyi a cikin wannan ƙidaya: a karo na fari masu kiran kansu Kirista suka gaza rabin jama'a, kashi 46 cikin ɗari, masu cewa ba su da addini kuwa suka kai kashi 37. Daga wannan ƙasa fa waɗansu cikin masu wa'azin da suka kawo mana Littafi Mai Tsarki suka fito. A Amurka kuma tun 2007 hukuma ta yarda a zana tauraronsu mai kusurwa biyar a kan kabarin sojan da ya mutu cikin wannan addini.

Akwai abu guda da ya wajaba mu gyara tun da wuri. Mabiyan Wicca suna kiran kansu da kalmar Turanci wadda a ke fassarawa maye ko mayya. Wanda ya ji haka a ƙasarmu sai gabansa ya faɗi, ya zaci masu kama kurwa ne. Ba haka ba ne. Ba su cewa suna cin mutane, ba su yanka kome a bikin nan, kuma sun ce ba su gaskata akwai Shaiɗan ba, balle su yi masa sujada. Mu muna da abin da za mu ce a kan bautarsu, za mu kuwa faɗa. Amma doka ta tara ta hana mu shaidar zur a kan maƙwabci (Fitowa 20:16), ba ta kuwa ce sai maƙwabci mai bi ba. Mun ga abin da zargin maita ya yi wa tsofaffin mata da marayu a garuruwanmu. Kada mu ɗauki wannan muguwar al'ada mu kai ta Turai.

Biki sabo da suna tsoho

Suna da bukukuwa takwas a shekara, suna zana su kamar ƙafar keke mai sanduna takwas, suna ce da ita Da'irar Shekara. Huɗu daga ciki, watau na farkon Fabrairu, da Mayu, da Agusta, da Nuwamba, tsofaffi ne da gaske, sunayensu suna cikin tsofaffin littattafan ƙasar Ailan. Sauran huɗun su ne ranar yini mafi tsawo, da ranar dare mafi tsawo, da ranakun daidaituwa biyu. Wajen 1958 ne ƙungiyar Gardner ta haɗa takwas ɗin wuri ɗaya, ta ba su daraja ɗaya. Ronald Hutton, shehun malamin tarihi a Jami'ar Bristol, ya bincika bukukuwan Birtaniya duka cikin littafinsa The Stations of the Sun na 1996. Binciken ya nuna babu wata al'umma ta dā a can wadda aka sani ta kiyaye takwas ɗin gaba ɗaya. Masana tarihi kuma ba su karɓi zancen Gardner na cewa addininsa ya gangaro a ɓoye tun daga zamanin dā ba. Masu Wicca da yawa yanzu sun yarda addininsu na ƙarni na 20 ne.

Ba mu ce mutanen dā ba su lura da rana ba. A Loughcrew, cikin Ailan, akwai wani kabarin dutse wanda ya kai shekara 5,000, hasken asuba yana shiga har ƙuryarsa a ranakun daidaituwa. Manyan duwatsun Stonehenge a Ingila kuwa, inda masu bikin su ke taruwa da asuba, an jera su ne bisa fitowar rana a ranar yini mafi tsawo cikin Yuni da faɗuwarta a Disamba, an kuwa kafa su tun da daɗewa kafin a ji labarin Druid. Waɗanda suka gina su ba su bar rubutu ba.

Sunan Mabon ma ya fi kome sabunta. Wani Ba'amurke mai suna Aidan Kelly ne ya laƙaba wa bikin a shekarun 1970, sa'anda ya ke shirya kalanda ya ga wannan rana ba ta da suna mai daɗi. Ya ɗauko shi daga wata tatsuniyar mutanen Wales wadda ke cikin littattafan hannu na ƙarni na 14. Mabon ɗan Modron yaro ne wanda aka sace daga wurin uwarsa yana da kwana uku. Mutanen Sarki Arthur suka fita nemansa domin ya taimake su farautar wani gawurtaccen gadu. Suka tambayi wani tsohon tsuntsu, ya aike su wurin barewa, ita ta aike su wurin mujiya, mujiya ta aike su wurin gaggafa, gaggafa ta kai su wurin wani kifi wanda ya fi su duka tsufa. Kifin ya ɗauki biyu daga cikinsu a bayansa har gindin ganuwar Gloucester, inda suka ji kukan Mabon a kurkuku, suka fisshe shi. Tatsuniya ce mai daɗi, irin ta gizo da ƙoƙi. Amma ku duba, babu kaka a cikinta, babu gona, babu watan Satumba. Kelly ya ga ta yi kama da labarin Helenawa na Persephone, 'yar allahiyar hatsi, wadda aka sace zuwa ƙarƙashin ƙasa har amfanin gona ya ƙi fitowa. Wannan kama ita ce dalilinsa. Saboda haka waɗansu a cikinsu, musamman mutanen Wales, ba su son sunan. Druid kuwa Alban Elfed su ke ce da ranar, waɗansunsu kuma sukan hau tudun Primrose a Landan da fararen riguna su yi hidimarsu.

Yadda su ke yin bikin

Ba su da littafi guda ko shugaba guda, domin haka kowace ƙungiya da nata tsari, mutane da yawa ma su kaɗai su ke yi a ɗakunansu. Amma ga abin da aka fi gani. Suna lissafa kaka uku: ta hatsi a farkon Agusta, ta 'ya'yan itace a Mabon, da ta ƙarshe a bakin Nuwamba, lokacin da mutanen dā su ke yanka dabbobin da ba za su iya ciyarwa da sanyi ba. Sukan shirya tebur ya zama bagadi, su jera tuffa, da inabi, da kabewa, da zangarniyar alkama, da busassun ganyaye. Waɗansu sukan kunna kyandir biyu, fari da baƙi, alamar yini da dare. Sukan yanka tuffa a gicciye, domin 'ya'yanta a ciki suna zama kamar tauraro mai kusurwa biyar.

In taro ne, sai a shata da'ira a ƙasa, jama'a su tsaya a ciki. A juya gabas, da kudu, da yamma, da arewa, a kira ikokin iska, da wuta, da ruwa, da ƙasa su zo su halarta. A kira allahiya da allahn. A koyarwar da yawa daga cikinsu, allahn yana raunana tare da rana, zai mutu ya gangara cikin duhu, a sāke haihuwarsa a Disamba. Kowa ya faɗi abin da ya girba a shekarar, ko aiki, ko lafiya, ko haihuwa, ya faɗi kuma abin da ya ke so ya rabu da shi. Daga nan a sa wa gurasa da ruwan inabi albarka da sunan allolin, a miƙa wa juna hannu da hannu, a zuba kaɗan a ƙasa. Bayan an buɗe da'irar sai a zauna a ci abinci. A Amurka waɗansu ƙungiyoyinsu sukan yi taro a fili a wannan lokaci, su tara abincin gwangwani domin matalauta. Na Ostareliya kuwa a watan Maris su ke yin nasu, gama a can shekara a juye ta ke.

Dattawanmu waɗanda suka fito daga gidan tsafi, da mun karanta musu wannan, ba su bukaci bayani ba. Ɗaya ya ce, "Ashe abin da muka zubar, shi waɗansu su ke tsinta." Ya tuna da zuba wa iskoki sabon hatsi kafin kowa ya taɓa. Amma ya ce akwai bambanci: su da tsoro su ke yi, don kada ciwo ya shiga gida, waɗannan kuwa da marmari.

Abin da Littafi ya koya mana

Da fari, lura da rana ba zunubi ba ne. Allah ne ya sa haskoki a sararin sama domin su raba dare da yini, su nuna lokatai da shekaru (Farawa 1:14). Bayan ruwan tufana kuma ya yi wa Nuhu alkawari shuka da girbi ba za su fasa ba muddar duniya tana nan (Farawa 8:22). Ranar 23 ga Satumba ta Ubangiji ce kamar sauran ranaku. Mai bi yana iya tashi da asuba ya ga rana tana fitowa daga gabas sosai, ya yabi Wanda ya daidaita ta.

Bikin kaka ma ba zunubi ba ne. Allah da kansa ya ba Isra'ila Idin Bukkoki, ran 15 ga wata na bakwai, bayan an tara amfanin masussuka da na wurin matsar inabi. A lissafinmu yana faɗowa tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba, kusa da lokacin da mu ke magana a kai. Kwana bakwai a ke yi ana murna, an kuwa umurta a sa bayi, da baƙi, da marayu, da gwauraye a ciki (Kubawar Shari'a 16:13-15). Yesu kansa ya hau Urushalima a wannan idi (Yohanna 7).

Sabuntar biki kuma ba ita ce ta ɓata shi ba. A nan sai mu yi hankali, kada mu yi wa waɗansu dariya da abin da mu ke ciki. Sujadar godiyar kaka wadda mu ke yi kowace shekara, da dammunan dawa da kaji a gaban bagadi, ba manzanni ne suka kafa ta ba. Wani limamin Ingila ne, Robert Hawker, ya kira jama'arsa a ƙauyen Morwenstow cikin Cornwall a 1843 su zo su gode wa Allah saboda girbi. Al'adar ta bazu, masu wa'azi suka kawo ta nan. Idin Keɓewa ma ba ya cikin Attaura, amma mun iske Yesu a haikali a lokacinsa (Yohanna 10:22-23). Laifin Yerobowam sa'anda ya ƙago nasa idi a wata na takwas, shi ne ya kafa shi domin 'yan maruƙan zinariya, don ya hana jama'a zuwa inda Allah ya zaɓa (1 Sarakuna 12:26-33).

To, ina matsalar ta ke? Tana wurin wanda a ke yi wa godiya. Annabi Hosiya ya kwatanta Isra'ila da matar da mijinta ya ke ba ta hatsi, da ruwan inabi, da mai, ita kuwa ta ɗauka samarinta ne su ke ba ta, ta kwashi kayan ta kai wa Ba'al (Hosiya 2:5-8). Ba'al allahn ruwan sama da yalwar gona ne a wurin Kan'aniyawa. Ezekiyel kuma aka nuna masa mata a ƙofar haikali suna makokin Tammuz, allahn da a ke cewa yana mutuwa kowace shekara sa'anda ciyawa ta bushe, aka kuma nuna masa maza wajen ashirin da biyar sun juya wa haikali baya suna yi wa rana sujada (Ezekiyel 8:14-16). Labarin allahn da ke mutuwa tare da shekara ba baƙo ba ne ga annabawa. Musa ya riga ya gargaɗi jama'a kada su ɗaga ido su ga rana da wata su ruɗu (Kubawar Shari'a 4:19). Bulus kuwa ya ce tushen ɓatan 'yan adam shi ne sun ba halitta girman da ya ke na Mahalicci (Romawa 1:25). In baƙo ya ci tuwo a gidanka ya ƙoshi, ya tashi ya durƙusa ya gode wa tukunya, ya wuce ka a zaure, me za ka ce?

Akwai wani bambanci kuma wanda ba a cika lura da shi ba. Ba'isra'ile da ya kawo kwandon nunan fari, ba labarin rana da ruwa aka ce ya faɗa a gaban firist ba. Tarihi aka ce ya faɗa: yadda kakansa ya yi yawo, yadda suka sha bauta a Masar, yadda Ubangiji ya ji kukansu ya fisshe su ya ba su ƙasa (Kubawar Shari'a 26:1-11). Bukkokin ma domin tunawa da zaman jeji ne. Da'irar Shekara tana juyawa ta komo inda ta fara, allahn ya mutu bana, ya sāke mutuwa baɗi. Kristi kuwa sau ɗaya ya mutu, a zamanin Bilatus Babunti, ya tashi, ba zai ƙara mutuwa ba (Romawa 6:9-10).

Sai mu duba yadda Bulus ya yi da irin waɗannan mutane. A Listra, da ya warkar da gurgu, jama'a suka ce alloli sun sauko, firist ya kawo bijimai da furanni. Bulus da Barnaba suka yage tufafinsu, suka ƙi hadayar sam. Amma Bulus bai zage su ba. Ya ce shi ma mutum ne kamarsu. Ya nuna musu ruwan saman da su ke samu, da kakar da su ke girba, da ƙoshi da murnar da ke zukatansu, duka shaida ce wadda Allah mai rai ya bar wa kansa a tsakiyarsu. Watau murnarsu ta kaka gaskiya ce, sunan Mai bayarwa ne ba su sani ba. Baturiyar nan da ta ji zuciyarta tana so ta gode wa wani saboda tuffa da alkama, ta fi wanda ya ci ya share baki ya ce ƙarfinsa ne ya ba shi.

Ya kamata kuma mu tambayi kanmu abin da ya kai jikokin masu bi can. Waɗanda suka yi magana da su sukan ji amsa iri ɗaya: an haife su a birni, ba su san inda abinci ya ke fitowa ba, suna marmarin taɓa ƙasa, suna baƙin ciki saboda yadda a ke lalata daji da koguna, mata suna cewa a can aka saurare su, waɗansu kuma a majami'a aka ji musu rauni. Mu da mu ke ganin hamada tana cin gonakinmu, bai kamata wani ya riga mu kula da ƙasar Allah ba. Tamu godiyar kaka ma, a waɗansu wurare ta koma kasuwa. A yi gwanjon doya, a kira sunan mai kuɗi a tafa masa, gwauruwar da ta kawo mudu guda ta sulale ta ƙofar baya. Doka ta ce a bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo (Levitikus 23:22), an kuwa rubuta wannan a tsakiyar surar idodi.

Amsar da muka aika

Bulus ya riga ya yanke irin wannan shari'a a Korinti, inda yawancin naman kasuwa daga haikalin gumaka ya ke fitowa. Ya raba abin gida biyu. In marar bi ya kira ka cin abinci, kana kuwa so ka tafi, ka tafi, ka ci abin da aka sa a gabanka ba tare da bincike ba. Amma in aka ce maka wannan na hadaya ne, kada ka ci, saboda wanda ya faɗa maka. Teburin sujada kuwa, ba shi yiwuwa mutum ya haɗa ƙoƙon Ubangiji da wani ƙoƙo.

Bisa ga wannan muka rubuta wa 'yarmu. Muka ce kada ta shiga da'irar, kada ta juya kusurwa huɗu tare da su, kada ta karɓi gurasa da ƙoƙon da aka sa wa albarka da sunan allahiya, ko da an ce mata wasa ne kawai, gama ga masu yi ba wasa ba ne. Tun da ba ta san inda hidima za ta ƙare a fara cin abinci ba, ita kaɗai ce kuma mai bi a wurin, mun ga ya fi mata sauƙi kada ta tafi taron. Muka ce ta faɗa wa abokiyarta dalili a fili, kada ta fake da ciwon kai ko aikin dare. Ta gode mata saboda gayyatar, ta tambaye ta abin da ranar ta ke nufi a gare ta, ta kuwa saurara har ƙarshe. In ta kawo mata tuffa daga lambunta, ta karɓa ta ci da godiya. Sa'an nan ita ma ta kira ta ɗakinta wata rana, ta tuƙa mata tuwo da miyar kuka, ta yi addu'a a kan abincin da sunan Yesu kamar yadda ta saba a gida. Majami'un Ingila da yawa suna yin tasu godiyar kaka a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, muka ce ta nemi ranar a majami'ar da ta ke zuwa, ta gayyace ta.